Yadda Ake Raya Tsohon Dandali Ba Tare da An Kashe Shi Ba: Jagora Daga Ƙofar Fadar Bauchi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Bauchi ranar hawan Sallah ya san amfanin fili a gari. Dawaki sun jeru, kakaki da algaita na tashi, bindigogin gargajiya na amsawa, jama'a ba masaka tsinke. Koma irin wannan wuri ranar Talata da azahar a watan Afrilu, sai ka rantse ba shi ba ne: rana ta ƙwalle, mutum biyu ko uku na sauri su tsallake, saura sun laɓe a gefe inda inuwa ta rage. Fili ɗaya ne yake rayuwa iri biyu, kuma mai gyara dole ya yi wa kowacce tanadi.

Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin Bauchi a 1809, tsarin shi ne wanda aka sani a manyan biranenmu: ga fada, ga masallacin Juma'a kusa da ita, ga sarari a gaba, hanyoyi kuma suna tasowa daga ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai su nufo tsakiyar gari. Katsinawa na da Kangiwa, Kanawa na da Ƙofar Kudu, mutanen Maiduguri na da Dandal. Haka abin yake a Azare da Misau da Ningi da Dass, har ƙofar gidan hakimi a ƙaramin gari. Na rubuta wannan ne saboda 'yan kwamitin ci gaban gari, da kansiloli, da matasan masu zanen gine-gine da ke fitowa daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda wata rana za a miƙa wa irin wannan aiki. Maganata guda ce: abin da kakanni suka bar mana a dandali shi ne sararin kansa. Mafi yawan gyaran da ke lalata shi, cika shi ake yi da kaya.

Mataki na farko: zauna ka kalla

Kada ka fara da takardar zane. Ɗauki littafi da biro, ka nemi gindin bishiya, ka yi aƙalla mako biyu kana zuwa. Je bayan asuba, je da hantsi, je da tsakar rana, je bayan la'asar, ka koma bayan isha'i. Kowane zuwa ka rubuta: mutum nawa ke zaune, nawa ke wucewa kawai, maza nawa, mata nawa, yara nawa, a ina suka zauna, a kan me. Duba ƙasa ma. Inda ciyawa ta mutu ta zama siririyar hanya, nan mutane ke bi, kuma nan za su ci gaba da bi ko da zanenka ya ce su zagaya.

Wani Ba'amurke, William Whyte, ya yi irin wannan ƙirge a filayen birnin Niyok a shekarun 1970, da kyamara da agogo. Abin da ya gano, kowane dattijon majalisa ya riga shi sani: mutane na zama inda suka samu wurin zama, kuma ganin mutane ne ke jawo mutane.

Ni wani tsoho ne ya koya mini. A wani gari da na yi aiki, an jera wa dandali bencina na kankare, an lulluɓe su da tayil mai sheƙi, gwanin kyau a hoto. Amma kullum sai in ga tsohon nan da buzunsa da butarsa, da hantsi yana jikin katangar masallaci, da azahar ya koma ƙarƙashin wata tsamiya, da la'asar ya ja buzun zuwa bakin zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga benci an yi muku, me ya sa kuke wahala a ƙasa?" Ya kalle ni, ya ɓantari goro, ya ce, "Ɗana, je ka zauna. In ka ƙirga goma a kai, sauran goron nan naka ne." Na je. Ban kai biyar ba. Wuraren nan uku da yake jan buzunsa, su ne ainihin taswirar da ya kamata a ce an bi tun farko.

Mako biyun nan somin-taɓi ne. Sai ka ga filin ranar Juma'a, ka gan shi da azumi lokacin tafsiri da buɗa-baki, ka gan shi ranar hawa, ka kuma tsaya a cikinsa ana tsuga ruwan Agusta. In da hali, shekara guda cur ta kallo ba asara ba ce.

Mataki na biyu: gano masu wurin

Dandali ba shi da uba ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara. Masarauta ce ke da al'adar wurin, masallaci na da haƙƙinsa. Idan kuma akwai ginin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, ba a taɓa shi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. A tara su tun kafin a buga turke ɗaya, a rubuta wa ke da me, wa zai biya me.

Bayan manya, sai waɗanda suka fi kowa sanin filin amma ba a cika tambayarsu ba: dogarai, barorin dawaki, ladan, masu shara, shugabannin 'yan acaɓa da keke napep, masu shayi, mata masu masa da ƙosai. Kada ka yaudari kanka da taro guda a gaban hakimi. Mai masa ba za ta buɗe baki a nan ba, kowa "ranka ya daɗe" zai ce ya yi shiru. Bi su inda suke, mata kuma a tura musu mace.

Mataki na uku: ware abin da ba a taɓawa

Zagaya da tsofaffin magina da masu tarihin fada, a yi jerin abin da ya zama dole ya tsira: tsohon zaure, guntun ganuwa, rijiya, bishiyar da aka san ta da suna, wurin da sarki ke tsayawa a yi masa jahi, hanyar da yake bi zuwa masallaci. A ɗauki hoto, a auna, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Akwai kuma abin da ba a riƙewa da hannu: ganin ƙofar fada daga nesa in ka ɓullo daga babbar hanya. Allon talla ɗaya, ko falwayar wuta, ko jerin shaguna, ya isa ya toshe ganin da aka yi shekara ɗari biyu ana yi. Yarjejeniyar da masana suka ƙulla a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1964 a kan adana gine-ginen tarihi ta yi wannan magana, cewa ana kare gini ne tare da muhallinsa, kuma sabon aiki kada ya yi shigar burtu ya ce shi tsoho ne.

Babban kuskure a nan shi ne yaɓe ginin ƙasa da siminti. Ginin tubali numfashi yake yi: yana shan danshi, yana fitarwa. Siminti na tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta ruɓe. Daga waje bango lafiya lau, rana ɗaya sai ya zube gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi, da birji mai kyau da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, indararo kuma ya kasance mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Mai shakkar ƙarfin irin wannan gini ya je Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. A Jenne ta ƙasar Mali ma, masallacin ƙasa da aka gina a 1907 yana nan tsaye saboda duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, kasuwar Litinin kuma tana ci a filin gabansa.

Mataki na huɗu: bar tsakiya, gyara ƙasa

A nan ne ɗan kwangila zai fara lallashi: a sa maɓuɓɓugar ruwa mai feshi a tsakiya, a yi shataletale, a dasa ciyawar Turawa, a zagaye da shingen ƙarfe. Ka ce a'a. Na ga irin wannan maɓuɓɓuga a wani gari. Ta yi feshi ranar buɗewa da 'yan makonni bayan nan, famfonta ya ƙone, ta koma kwandon ledar ruwa da gidan sauro. Mafi muni, ta zauna daidai inda dawaki ke sukuwa, dole aka karkatar da hawa.

Auna tsakiyar da babbar rana. Tambayi masu dawaki daga ina ake sako linzami, a ina ake ja, ina 'yan kallo ke tsayawa, ina ake ɗaure dawakin hakimai kafin a kira su. Auna ta kuma da sallar Juma'a in masallaci ya cika ya tumbatsa. Mai sallah ɗaya na buƙatar kamar santimita 60 a faɗi da mita 1.2 a tsawo. Filin da ya kai mita 100 a kowane gefe zai ɗauki sama da mutum 10,000 ko bayan an cire hanyoyin wucewa. Duk abin da ka dasa a tsakiya, daga wannan lissafi ka ɗebe shi.

Ita kuma ƙasar, kashi biyu za a yi mata. Inda dawaki ke gudu a bar shi jan ƙasa da 'yar tsakuwa, a daddale sosai da injin daɓe, a riƙa ƙara masa duk shekara bayan damina. Doki na zamewa a kan tayil da kankare mai santsi, kuma doki mai lifidi ko kaya masu nauyi in ya faɗi cikin taro, ba mahayinsa kaɗai zai ji ciwo ba. Gaskiya ne jan ƙasa na ƙura da hunturu. Maganinsa tankar ruwa ta yayyafa da safen hawa, ba kwalta ba. Baƙar kwalta tana haɗiye zafi da rana ta amayar da shi da dare. Gefe-gefe inda masu ƙafa ke bi, a sa intalok mai hasken launi ko dutse mai kaushi. Bauchi ba ta rasa dutse ba, ko'ina ka waiga ga shi.

Wata 'yar dabara mai arha: a shimfiɗar gaban masallaci, a jera layin dutse mai wani launi daban duk bayan mita 1.2, a daidaita shi da alƙibla, wadda daga Bauchi take wajen digiri 65 daga arewa, wato gabas maso arewa. Ranar Juma'a sahu zai miƙe da kansa, ba igiya ba alli. Sauran kwanaki kuwa ado ne kawai.

Mataki na biyar: ruwa

Kafin fenti, kafin fitila, a san inda ruwan sama zai bi. Bauchi na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Satumba. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In aka yi ruwan milimita 50 a dare guda a kan filin nan mai mita 100 kowane gefe, lita 500,000 ke nan, cikin tanka hamsin masu ɗaukar lita 10,000. Da can ƙasa ke shanye wani kaso. Ranar da ka shafe filin da kankare, dukkansa neman hanya zai yi, kuma hanyar da ya fi samu ita ce zaurukan tsofaffin gidaje.

Saboda haka kada sabuwar shimfiɗa ta fi daɓen tsoffin gine-gine tudu. In za a zuba sabo, a fara kwashe tsoho. A ba filin gangara kaɗan, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ta kauce wa fada da masallaci. Magudanar ruwa ta bi gefe, a rufe ta da murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa su yashe. Kwata a buɗe cikin taro karaya ce. Wani ruwan kuma a karkata shi zuwa gindin bishiyoyi.

Mataki na shida: inuwa da wurin zama

Nan ne rayuwar ranar Talata take, don haka a nan ya kamata kuɗi ya fi zuwa. Gefen dandali shi ne majalisa.

Fara da sanin tafiyar rana. A Bauchi rana na tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa, da hunturu kuma ta koma kudu. Katangar da ke ba da inuwa a watan Disamba ba lallai ta ba da ita a Yuni ba. Kuma da sanyi ba inuwa tsofaffi ke nema ba, hantsi suke bi. Sai a bar musu wani lungu mai kallon gabas, wanda katanga ko shuka ta tare masa iskar da ke busowa daga arewa maso gabas.

Zaɓen bishiya ba a yinsa da ka. Darbejiya na saurin girma, tana jure fari. Tsamiya da maɗaci na da nawa, amma jikokinka za su sha inuwarsu. A haɗa su, mai sauri ta riƙe wuri kafin mai nawa ta taso. Durumi da cediya su ne bishiyoyin ƙofar fada tun asali, inuwarsu ba ta da na biyu, sai dai saiwarsu na fasa gini da magudana, don haka a nisanta su da tsohon bango da aƙalla mita goma. Gawo na zubar da ganye da damina. Mangwaro kuwa gayyatar jifa ne. Dogayen bishiyoyin ado masu kama da giginya, waɗanda ake so saboda hoto, Bahaushe ya gama magana a kansu: inuwar giginya, na nesa ka sha.

A dasa in damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, tazarar mita takwas zuwa goma, a rami mai faɗi da taki. Kowace a yi mata keji, in ba haka ba awaki za su gama da ita cikin mako. Kada a sare tsohuwar bishiya don a daidaita layi. Layin ne zai kauce mata.

Wurin zama kuwa, dakali ya fi benci. Tsayinsa santimita 40 zuwa 45, faɗinsa ya isa mutum ya naɗe ƙafa. A yi shi da kusurwa ko a zagaye gindin bishiya, don mu fuska da fuska muke hira, ba a jere kamar masu jiran mota ba. A bar fili mai tsabta a gabansa na shimfiɗa tabarma. A ware wani ɓangare, ɗan nesa da majalisar maza, inda mace da 'ya'yanta za ta zauna ba tare da an zuba mata ido ba. Duk inda aka yi matakala, a yi gangara kusa da ita saboda masu keken guragu da tsofaffi: kowane tudun santimita 10 a ba shi tsawon mita 1.2.

Mataki na bakwai: motoci da masu sana'a

Fili in ba a tsare shi ba, tasha yake komawa. A ware wa keke napep da acaɓa wurin sauke fasinja a bakin filin, motoci su tsaya a waje. A bar hanya guda mai faɗin mita huɗu wadda motar asibiti ko ta kashe gobara za ta bi ko ana tsakiyar hawa, da turakun ƙarfe da ake cirewa a mayar. Tun shekarun tashin bama-bamai muka saba ganin ganguna da buhunan yashi a bakin masallatai. Tsaron na nan da muhimmancinsa, amma dakali mai nauyi da bishiya a bayansa na tare mota kamar yadda ganga ke yi, ga shi kuma ana zama a kai. Sai dai a kula, kada shingen da ya hana mota shiga ya hana jama'a fita in an firgita. Mafita ta zama da yawa, kowacce a buɗe.

Masu sana'a kuma kada a kore su da sunan tsabta. Mai shayi da mai tsire su ne masu gadin dare da ba a biya. Filin Jama'ul Fana na Marrakesh a Maroko, abin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama shi a 2001 shi ne masu tatsuniya da makaɗa da masu abinci da ke cika shi. Hawan Sallar Kano ma da UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, al'adar aka karrama. A ba kowa gurbinsa a gefe, da tebur ko rumfar da ake naɗewa, da sharaɗin share wurinsa da kwashe kaya ranar Juma'a da ranar hawa. Abin da za a ƙi shi ne shagon bulo. Da an gina ɗaya, shekara biyar ka dawo ka tarar da kasuwa.

Mataki na takwas: famfo, bayi, fitila

Wurin alwala da makewayi, na maza daban na mata daban, a bayan fili inda iska ba za ta kawo wari ba, da mai kula na dindindin. Bayin da ba ruwa gara babu shi. Fitilun sola su haska fuskar mutum da inda zai taka, ba saman bishiya ba. A ɗaga batir inda hannu ba ya kaiwa, a kuma san wanda zai riƙa goge ƙurar hunturu daga faifan.

Mataki na tara: gwada, sannan ka gina

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2009 hukumomin Niyok sun rufe wani yanki na titin da ya ratsa dandalin Times da fenti da kujerun roba kawai, suka ga yadda abin ya kaya, daga baya suka zuba na dindindin. Mu ma ganguna da farar ƙasa da bencin katako sun ishe mu. A shata wurin keke napep, a jera zama inda ake tunanin yin dakali, a bar shi wata uku ko huɗu, a tabbata Sallah guda ta faɗo ciki. Inda mutane suka ja bencin suka kai, nan za a gina.

Aikin kansa a yi shi daki-daki: ruwa da ƙasa tukuna, sai bishiyoyi, sai dakali, ado a ƙarshe in kuɗi ya ragu. Wanda ya shiga Hubbaren Tafawa Ɓalewa ya bi duhun hanyar nan har ya ɓulla sarari inda kabarin yake, sama a buɗe, ya san ba tarin ado ke sa wuri kwarjini ba.

A takardar kwangila a rubuta cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har aikin ya ga damina guda da hawa guda, kuma duk bishiyar da ta mutu cikin wannan lokaci shi zai maye ta. A kafa ƙaramin kwamiti mai wakilin fada, na masallaci, na ƙaramar hukuma, na masu sana'a da mace aƙalla guda. 'Yan kuɗin gurbi da ake karɓa a hannun masu tebur su shiga asusun shara da gyara, a riƙa manna lissafin a bango duk wata. Bishiyoyin nan kuma za su buƙaci ban-ruwa rani biyu a jere, daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Kafin a gayyaci kowa bikin buɗewa, a rubuta sunan mai ban-ruwan, da inda zai ɗebo, da wanda zai biya shi ƙarshen wata.